Abin da masu gyaran polyketone suka tsayar

Wannan taƙaitawa ce ta tattaunawar masu gyaran polyketone, wani nau'in roba da ƙwayoyinsa ke jere kamar sarƙa. Tattaunawar ta fi karkata kan polyketone mai gajeren sarƙa, wanda ake haɗawa daga iskar CO (carbon monoxide) da iskar etilin da ta furofilin, irin wanda aka daɗe ana nazarinsa a Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan.

Hanyar gyaran da suka fi amincewa da ita ita ce ta Paal-Knorr, inda sinadarin amin (dangin ammoniya) ke haɗuwa da kabonil guda biyu, wato mahaɗin carbon da oxygen da ke jikin sarƙar, su ƙulla wani zobe da ake kira pirol. A dumama polyketone ɗin ya kai digiri 100 zuwa 110 na Celsius, ya yi ruwa-ruwa, sannan a riƙa ɗiga sinadarin amin kaɗan-kaɗan ana juyawa, kimanin awa 4. Ba a buƙatar sinadarin narkarwa. Kowane zoben pirol da ya ƙullu yana sakin ƙwayar ruwa 2, ya kuma ƙara wa sarƙar tauri, shi ya sa zafin da robar ke laushi a kai yake hawa. Wanda ya zuba amin gaba ɗaya zai ga kumfa, wani ɓangaren amin ɗin ya tsere a tururi. Kada a sa ran duk kabonil ɗin zai shiga. Wasu kan rage su kaɗai ba abokin haɗi, aikin ya tsaya wajen kashi 80.

In nau'in amin da ake kira furfurilamin aka sa, ana iya ɗaure sarƙoƙin da juna a digiri 50 da bismaleimid, sinadari mai hannu biyu da ake kiran kowannensu maleimid. Ɗaurin na kwancewa wajen digiri 120, a sake ƙera kayan. Amma in zafin ya yi yawa, maleimid ɗin na haɗewa da junansa, ba ya sake kwancewa. Ɗauri da yawa kuma na sa robar saurin karyewa.