Donnie Nietes: gudu ya yi ko kambu ya ajiye?

Baban Sadiƙ: Jama'a, salamu alaikum. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk sanda aka tashi lissafa gwanayen damben boksin na ƙasar Filifin, Pacquiao da Donaire kawai ake kira, shi ke nan. To Donnie Nietes fa? Mutumin da ya fara da shara da goge-goge a gidan horon ALA da ke Cebu, yana kula da macizan da ake kiwo a wurin, har laƙabin Ahas, wato maciji, ya bi shi. Ya ci kambun hukumar dambe ta WBO a ajin nauyin laba 105 (kilo 47.6) a 2007, ya ci na laba 108 a 2011, na hukumar IBF a laba 112 a 2017, sannan na WBO a laba 115 ranar ƙarshe ta 2018. Aji huɗu ke nan. Ya wuce Flash Elorde, tsohon gwanin Filifin, wajen daɗewa da kambu. Daga 2004 har 2022 babu wanda ya yi nasara a kansa. Sau uku yana zuwa Meziko kare kambunsa yana dawowa da abinsa. Bai taɓa gudun kowa ba. Laifinsa ɗaya, ƙaramin jiki, kuma duniya ba ta kallon damben masu kilo 48. Ni a wurina ya fi Donaire.

Ɗan Gwammaja: Wa alaikumus salam. Malam, "bai taɓa gudun kowa ba"? Ka janye wannan tukuna. A Satumban 2018 ya yi kunnen doki da Aston Palicte. Ya je Macau ya ci Kazuto Ioka ya ɗauki kambun laba 115, WBO ta ce to ka sake haɗuwa da Palicte, shi ne abokin karawarka na dole. Me ya yi? Ya ajiye kambun tun bai cika wata uku a hannunsa ba, bai kare shi ko sau ɗaya ba. In wannan ba gudu ba ne, ka faɗa mini sunansa.

Baban Sadiƙ: Sunansa ajiye kambu. Ajiyewa daban, gudu daban.

Ɗan Gwammaja: Wanda aka ce ga abokin karawarsa ya bar fili, a garinmu gudu ake kiransa.

Malam Na Damagaram: Ku tsaya a fahimci yadda abin yake tafiya kafin a yi ta jifa da kalma. Idan hukuma ta fitar da abokin karawa na dole, tana ba ɓangarorin biyu wa'adi, galibi kwana 30, su daidaita kan kuɗi da wuri da rana. In sun kasa, sai a yi gwanjo: kowane mai shirya wasa ya rubuta abin da zai biya a rufe, wanda ya fi tsoka shi ke ɗaukar damben, a raba kuɗin, mai kambu ya kwashi kaso mafi yawa. Matsalar ƙananan aji ita ce gwanjonsu ba ya tashi. A cikin ɗan abin da ya samu zai cire na hukuma, kusan kashi 3 cikin ɗari, da na koci, da na manaja, da kuɗin sansanin horo na sati takwas zuwa goma, da na waɗanda ake haya su yi atisaye da shi. Nietes yana da shekara 36 a lokacin. Mai shekara 36 a laba 115 ya san dambe biyu ko uku suka rage masa. Ya ce manya yake nema, irin su Estrada da Srisaket da Roman Gonzalez. Wannan lissafin kasuwa ne, ba tsoro ba.

Ɗan Gwammaja: Ranka ya daɗe, ban ce tsoro ba, gudu na ce. To ya samu manyan? Bai samu ko ɗaya ba. Ya zauna fiye da shekara biyu bai hau dandamali ba, sai 2021 a Dubai. Shi kuwa Ioka da ya ɗauki Palicte a Yunin 2019, alƙali ne ya raba a turmi na goma, ya ɗaga kambun da shi Nietes ya yar.

Malam Na Damagaram: Wannan ma ai hujjata ce, ƙanina. Wanda Nietes ya ci shi ne ya gama da Palicte. Zaman kuma akwai dalili. Gidan talabijin na HBO da ke shirya dare na musamman ga 'yan laba 112 da 115 ya bar harkar boksin a ƙarshen 2018. Korona ta zo, kamfanin ALA da ke riƙe da shi ya rufe a 2020. Kasuwar ce ta watse.

Auta: Wai "wanda Nietes ya ci". Ya ci Ioka ɗin ne da gaske? Alƙali ɗaya ya ba Ioka 116-112, ɗaya ya ba Nietes 116-112, na ukun ya rubuta 118-110. Wato turmi goma cikin sha biyu na Nietes ne. Duk wanda ya kalli damben nan ya san babu turmi goma a ciki.

Baban Sadiƙ: Auta, kai yaro ne a harkar nan. Alƙalai ba yawan jifa suke ƙirgawa ba. Abu huɗu ake dubawa: naushin da ya sauka tsaf, matsa lamba mai amfani, iko da fili, da kariya. Ioka yana kai hari ciki, gaskiya ne, amma rabinsa a gwiwar hannu yake sauka. Nietes yana tare jifa da safar hannu, ya ɗan zame kai, ya mayar da gajeriyar dama ta saman hagun abokin karawa. Wannan dama ita ce sana'arsa tun yana laba 105. Turmin da aka yi kankankan, wanda naushinsa ya fi fitowa fili shi ake ba 10, ɗayan 9. In turmi shida suka zo a haka kuma alƙali ya karkata gefe ɗaya a dukkansu, sai ka ga 118-110 a damben da ba a yi wa kowa kaca-kaca ba.

Auta: Baba, na yarda ni yaro ne, amma a Tokyo a Yulin 2022 da suka sake, wani alƙali 120-108 ya rubuta wa Ioka. Ko turmi ɗaya bai ba mutuminka ba.

Baban Sadiƙ: Yana da shekara 40! Ka je ka nemo mini mai shekara 40 a laba 115 da ya kai turmi sha biyu a tsaye da Ioka.

Mai Unguwa: Ni maganar alƙalan nan ce ta dame ni. Damben Palicte ɗin da ake ta kira kunnen doki, ku duba takardun: 118-110 ga Nietes, 116-112 ga Palicte, 114-114. Tsakanin alƙali na farko da na biyu akwai saɓanin turmi shida, rabin dambe. Mafi yawan masu kallo Nietes suka ga ya ci. To wanda aka riga aka yi wa haka, don ya ƙi komawa, sai a ce ya gudu?

Ɗan Gwammaja: Da aka yi masa kunnen doki da Moises Fuentes a 2013 ai ya koma. A 2014 ya kai shi ƙasa sau uku a turmi na tara. Me ya sa wancan ya koma, wannan ya ƙi? Palicte ya fi shi tsawo, ya fi shi jiki, ya fi shi ƙuruciya nesa ba kusa ba. Ya ɗanɗana ya ji.

Bahagon Tudun Wada: Tunda an taɓo jiki, bari in sa baki, don mutane suna raina laba uku. Daga 105 zuwa 108 laba uku ne, kilo 1.4. Daga 108 zuwa 112 laba huɗu, daga 112 zuwa 115 uku. A jikin mai kilo 47.6, kilo 1.4 kusan kashi 3 cikin ɗari ne na nauyinsa. Kuma nauyin ranar awo ba shi ne na ranar dambe ba. Ana hawa sikeli kwana ɗaya kafin karawa. Sati na ƙarshe ruwa ake matsewa, ba kitse ba: a yanke gishiri, a rage shinkafa, a sha ruwa da yawa farkon sati sannan a ja baya, daren ƙarshe a shiga rigar leda ko ɗakin gumi. An sauka daga sikeli sai a fara mayarwa a hankali, ruwa mai gishiri da sukari, kurɓi-kurɓi, don wanda ya kwankwaɗa lokaci ɗaya cikinsa zai ɓaci. Dogo irin Palicte zai iya kwana ya tashi da ƙarin laba goma ko fiye. IBF tana sake awo da safe, ba a yarda ka haura laba goma a kan iyaka ba, amma wannan damben na WBO ne. Wanda ya taso daga 105 ba shi da ruwan da zai mayar kamar haka. In kuma matsewar ta yi yawa, alamarta ba ta ɓuya: daga turmi na bakwai ƙafa ta yi nauyi, hannu ya fara sauka, naushin ciki ɗaya ya durƙusar da mutum. Faɗuwar Nietes ta farko ma, a Indonesiya a 2004, Angky Angkota ya zo awo da rarar laba shida aka bar shi ya yi damben.

Auta: Malam Bahago, wannan bayanin ai Ɗan Gwammaja ka taimaka. Ka nuna akwai abin gudu.

Bahagon Tudun Wada: Ban ce akwai abin gudu ba. Na ce akwai abin lissafi.

Sarkin Yaƙi: Duk kun bar babbar magana. An ce ya fi Donaire, kuma kowa ya yi shiru. Donaire ya kwantar da Vic Darchinyan da hagu ɗaya a turmi na biyar a 2007, lokacin ba wanda ya taɓa cin Darchinyan. Ya gama da Fernando Montiel a turmi na biyu a 2011. A 2012 dambe huɗu ya yi ya cinye duka, har da Nishioka da Arce. Ya shiga da Rigondeaux ya faɗi, ya hau laba 126 Nicholas Walters ya buge shi, ya sauko 118 ya fasa wa Naoya Inoue ƙashin kwarmin ido a Saitama a 2019. Yana da shekara 38 ya karɓe kambu a hannun Oubaali. Wannan shi ne wanda bai gudu ba. Shi Nietes sun yi zamani ɗaya da Roman Gonzalez a 105 da 108, kowa da kambunsa, shekara da shekaru, ba su taɓa haɗuwa ba.

Baban Sadiƙ: To me ya sa ba ka ce Gonzalez ne ya gudu ba? Kuma Donaire tun yana yaro aka kai shi Amurka, can ya koyi dambe, can yake da masu tallata shi. Ba ɗaya suke da wanda ya fara da shara a Cebu ba.

Sarkin Yaƙi: A Bohol aka haife shi, Alhaji. Tutar Filifin yake ɗagawa. Kada son Nietes ya sa ka cire mutum daga ƙasarsa.

Mai Unguwa: Ba a cire shi ba, an ce hanyarsa ta fi sauƙi.

Sarkin Yaƙi: Karawa da Inoue har sau biyu ce sauƙi?

Auta: Kuma maganar Elorde a gyara. Shi shekara bakwai ya yi, 1960 zuwa 1967, a aji ɗaya, laba 130, lokacin da ba a cika hukumomi huɗu ba. Na Nietes sai an haɗa 105 da 108 kafin ya kai.

Malam Na Damagaram: Dare ya yi, bari in tattara abin da aka cimma. An yarda Nietes ya ci aji huɗu, shi ne ɗan Filifin na uku da ya yi haka bayan Pacquiao da Donaire. An yarda damben Palicte shi ya ci, alƙalai suka ɓata. Bayanin Malam Bahago ya nuna cewa a laba 115 da waɗanda suka fi shi jiki yake karawa, kuma duk da haka ya ci Ioka. Ajiye kambun 2019 kuskuren kasuwa ne da ficewar HBO daga boksin ta jawo, kuma babu wanda ya kawo hujjar tsoro. Donaire gwani ne, amma ya sha faɗuwa a shekarun da Nietes bai faɗi ko sau ɗaya ba. Don haka kalmar gudu ta faɗi.

Ɗan Gwammaja: Ranka ya daɗe, wa ya yarda? Ni ban yarda ba, Auta bai yarda ba, Sarkin Yaƙi ma ko ambaton Gonzalez ɗinsa ba ka yi ba. Tambayata tana nan: ya koma wa Fuentes, ya ƙi koma wa Palicte. A ba ni amsar wannan.

Baban Sadiƙ: Fuentes kambu ya zo karɓa a laba 108, Nietes yana da shekara 31. Da safe zan kawo maka turmi-turmi na damben Palicte, mu ƙirga tare.