Itace na ta hayaƙi, Hajiya kuma na kukan sanyi: ku ba ni shawara

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. A Ɗorayi nake aure. Surukata ta zo mana za ta yi wata biyu, ga hunturun nan ya kankama, ƙafafunta ba sa son sanyi ko kaɗan. Da gas na taso, amma da tsadarsa yanzu ba a dafa ruwan wanka da shi kullum, sai maigidan ya sayo itace. To in na hura, hayaƙi ne kawai ke turnuƙe gidan, idona ya yi ta ruwa, wutar ta mutu. Sannan Hajiya ta ce in riƙa zuba mata garwashi a kasko a ɗaki da dare. Yaya ake hura wutar, kuma babu matsala ta kwana da kaskon?

Wata uwa daga Fagge:
Wa alaikumus salam 'yata. Ɗanyen itace aka haɗa mijinki da shi. Ki duba bakin icen in yana kan wuta, in kin ga yana fitar da kumfa yana tsuwa, bai bushe ba. Busasshe ba shi da nauyi sosai, bakinsa a tsattsage yake. Ki sa mai faskare ya faskara miki ƙanana ki shanya, iskar hunturu ba ta wasa wajen busarwa. Gobe in za a sayo a nemi marke ko ƙirya, su ne masu garwashi mai daɗewa. Kuka kuwa ko kyauta aka ba ki kar ki karɓa.

Wata daga Kurna:
Ƙari a kan na Mama, kar ki cusa murhun ya cika. Fara da kara ko ƙirare da ɗan kwali, ki jingina siraran faskare uku a kai bakinsu ya haɗu a tsakiya, ki bar ƙasa a buɗe iska ta shiga. Sai sun kama ki tura manya. Ki kwashe tsohuwar toka tukuna, ita ke shaƙe wuta. Don Allah ban da leda da tsohon silifas, hayaƙinsu guba ne, ga shi ya kama tuwo. Fetur kuwa ko kusa.

Wata kaka daga Cikin Gari:
Mu dai da kasko muka tashi, kakanninmu ma haka, ba abin da ya same mu. Ki yi wa tsohuwa abin da take so.

Wani ma'aikacin jinya:
Inna, a gafarce ni, ɗakin da kuka kwana a ciki ba shi ne na yau ba. Soron ƙasa da ƙyauren katako ko asabari a ƙofa, iska tana samun hanya. Yanzu tagar gilashi ce, silin a liƙe, ƙofar ƙarfe, har a toshe ƙasanta da tsumma saboda ƙura. Garwashi a irin wannan ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ke kashe masu kwana da janareta a cikin gida. Ba ta da wari, ba ta da launi. Mutane suna ɗauka in hayaƙi ya ƙare garwashi ya yi ja an tsira, alhali a lokacin ma tana fita. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, mai barci kuwa ba ya jin komai. Tsofaffi da jarirai da masu ciki ta fi yi wa illa. In kin ga haka, a buɗe ƙofa a fito da mutum waje, a wuce asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi.

Wata daga Hotoro:
Tawa dabarar: bayan magariba mu ji ɗumi a tsakar gida, kafin kwanciya in zuba ruwan zafi a jarka mai murfi, in naɗe da zani in sa wa Babanmu a wajen ƙafa. Safa, hular sanyi, bargo biyu, man zafi a gwiwa. Ragowar wutar a kashe ta da ruwa, domin iskar dare na ɗaukar tartsatsi, shi ya sa 'yan kwana-kwana ba sa hutawa a Disamba da Janairu.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na duba, icen kumfa yake yi. Saura yadda zan ce wa Hajiya ba kasko ba tare da ta ga na raina ta ba.

Uwa daga Fagge:
Ke ba ruwanki da wannan. Ɗanta za ki tura ya faɗa mata, ke ki shiga da jarkar ruwan zafin.