Surukan ƙanena daga Tailan za su zo Kaduna: yaya za mu karɓe su ba tare da mun sake kwafsawa ba?

Yayan ango, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zama a ƙasar Tailan ko suka haɗa zuri'a da mutanenta. Ƙanena ya yi karatu a Malesiya, a can ya haɗu da wata yarinya Musulma 'yar lardin Pattani da ke kudancin Tailan, aka ɗaura musu aure shekara biyu da suka wuce, yanzu kuma Allah ya azurta su da ɗa namiji. Iyayenta sun ce za su zo a watan Disamba su ga jikansu, su yi mako uku tare da mu, kuma tun da labarin ya iso hankalina bai kwanta ba, saboda na tuna yadda muka kwashe da su lokacin biki.

Ni na wakilci mahaifinmu. Da aka zo maganar dukiyar aure, sai tafinta ya ambaci wasu kuɗi, ya ƙara da cewa iyayen yarinya suna son bat biyar a kai. Na riga na san sunan kuɗinsu bat ne, na kuma san bat biyar ko kwalbar lemo ba za ta saya ba, don haka na yi hamdala a fili, na yaba musu da cewa albarkar aure tana cikin sauƙinsa, na zura hannu a aljihu na ciro tsabar bat biyar na ajiye a kan faranti cikin girmamawa. Ɗakin ya yi tsit, sannan daga can wajen mata muka ji an fashe da dariya. Ashe bat ma'aunin zinariya ne kuma, ɗaya ya ɗan haura giram 15, wato abin da ake nema ya kai giram 75 da 'yan kai.

Na biyun ya fi damuna, domin har yau bai warware ba. Ƙanena ya tashi da tarbiyyar gidanmu, saboda haka ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya sunkuyar da kai, da aka kawo abinci kuma ya ƙi ko kallon kwanon. Kwana uku surukarsa tana sauya girki, tana zaton hannunta ne bai yi masa ba, har ta kira 'yarta gefe ta tambaye ta ko mijin nata ba shi da lafiya ne, ko kuwa wani abu aka yi masa yake fushi. To yanzu ga su nan tafe gidanmu. Me za mu ciyar da su, yaya za mu gaishe su, kuma mene ne za mu yi da kyakkyawar niyya su kuwa su ɗauke shi cin fuska?

Alhaji ɗan kasuwa, Tudun Wada

Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Na yi shekaru ina saro tufafi a kasuwar Pratunam da ke Bankok, kuma matata ta biyu 'yar arewa maso gabashin ƙasar ce, yankin da suke kira Isan. Ta musulunta kafin aurenmu, iyayenta dai suna nan a kan addinin Buddha.

Babban abin da zan ja kunnenka a kai shi ne kada ka yarda da murmushinsu. Suna da wata ɗabi'a da suke kira kreng jai, wadda ban sami abin da ya fi kusa da ita ba sai kara: mutum ya gwammace ya cutu da ya ɗora maka nauyi ko ya sa ka ji kunya. Zuwana na farko na kai wa surukina goro, domin na lura su ma tsofaffinsu suna da wani ɗan itace da suke taunawa da ganye, har ma da shi ake jagorantar tawagar ango. Ya ɓantara ya tauna, idonsa ya kawo ruwa, amma ya yi murmushi ya ce aroi, wato da daɗi. Ni kuwa na ɗauka na dace, duk tafiya sai na cika masa leda. Bayan shekara huɗu matata tana gyaran ɗakinsa ta tarar da goron gaba ɗaya a cikin wata tukunya, ya bushe kamar tsakuwa, ko ɗaya bai zubar ba don kada in ji labari. Saboda haka idan ka tambaye su ko sauro ya dame su suka ce mai pen rai, wato ba komai, ka tashi ka ɗaura gidan sauro kawai.

Sai kai da ƙafa. Kai a wurinsu abin darajawa ne, ba a dafa kan babba ko da wasa, ƙafa kuma ita ce mafi ƙasƙanci, ba a miƙe ta ta fuskanci mutum, ba a nuna abu da ita, ba a tsallake wanda ke zaune ko kwance. Mu da muke bajewa a tabarma bayan la'asar mu miƙe ƙafafu, sai a kula.

Idan kuma sun rubuto maka saƙo ka ga 555, kada ka yi irin tawa. Surukata ta aiko mini da shi bayan na tura mata hoton kaina sanye da babbar riga, na zaci kuɗi take nema a sakaye, na tura mata bat 555. Ta amsa da 55555, na ce lallai al'amarin ya girma, na kira matata cikin damuwa. Biyar a harshensu ha ake cewa, dariya kawai baiwar Allah take yi. Kuma ina ba ka shawara kada ka yi gaggawar gwada harshen a gaban manya, domin sautinsu hawa biyar ne. Kamar yadda kukan miya ya bambanta da kukan hawaye a bakinmu, haka kalmar suai take nufin kyakkyawa idan ka ɗaga murya a ƙarshe, idan ka shimfiɗe ta kuwa ka ce wa mutum mai baƙar ƙafa ne. Ni na shimfiɗe ta, a gaban surukata, ranar da ta ci ado.

Hajiya malamar jami'a, Malali

Alhaji ya yi bayani mai amfani, sai dai ina so in yi masa gyara a wuri ɗaya, domin surukansa da na mai tambaya ba al'ada ɗaya suke bi ba. Na yi karatun digiri na uku a birnin Hat Yai, kuma yawancin ƙawayena 'yan Pattani da Yala da Narathiwat ne. Mutanen waɗannan larduna galibinsu Musulmi ne 'yan ƙabilar Malay, a gida harshen Malay suke yi, kuma a tsakaninsu sallama suke yi, ba haɗa tafin hannu a ƙirji irin na sauran ƙasar ba. Don haka, ɗan'uwa, kada ku jeru a tashar Rigasa kuna haɗa hannuwa kuna rusunawa, ku yi musu sallama kamar yadda za ku yi wa baƙi daga Zariya.

Abin da ya kamata ka shirya wa iyayenku shi ne sumbatar hannu. A wurinsu ƙarami yana kama hannun babba da hannu biyu ya kai goshinsa ko hancinsa, kuma wannan ne ƙololuwar ladabi. Ka ga ke nan abin da ƙanenka ya yi ya zo musu a baibai: shi ya nisanci surukinsa don girmamawa, su kuwa girmamawa a wurinsu ita ce ka matso, ka kama hannu, ka zauna a ci tare a yi hira. A ganina ƙanenka ne ya kamata ya sassauta, tunda su ne baƙi, kuma ko loma uku ya yi a gabansu ta wadatar.

Game da abinci, kada ku sayo musu shinkafar buhu da muke kira 'yar Tailan kuna zaton kun kawo musu gida. Waccan turararriya ce da ake yi domin kasuwannin waje, su farar shinkafa mai ƙamshi da laushi suka saba ci, kuma idan ba su ci shinkafa ba to a lissafinsu ba su ci abinci ba, har gaisuwarsu ma ita ce ko ka ci shinkafa. Yaji ba zai ba su tsoro ba, mutanen kudancin Tailan sun fi mu cin barkono. Daddawa ma ba za ta dame su ba, domin suna da wani ruwan kifi da ake tsimawa mai suna budu, wanda ƙarfinsa ya ninka nata. Ku yawaita kifi, ku ba su cokali, tuwo kuma a fara da na shinkafa.

Inda nake hango za a yi daru shi ne jego. Su ma suna da nasu, mai jego tana kwanciya kusa da wuta, ana gasa mata ciki da dutse mai ɗumi, ana hana ta abinci iri-iri har kwana arba'in ko fiye. Idan mahaifiyarku ta zo da ganyen darbejiya da kunun kanwa, ita ma uwar yarinya ta zo da nata ganyayyakin, kowace tana ganin ita ce ta san hannu, kuma babu wadda za ta faɗa a fili. Ku raba musu aiki tun kafin su haɗu. Sannan ku tanadi barguna da man kaɗanya, domin mutanen bakin teku ne, ba su san hunturu ba, leɓensu zai tsage cikin kwana biyu.

Malam, Kawo

Ƙari kaɗan a kan na Hajiya. Na zauna da ɗalibai 'yan Pattani a Madina, kuma mazhabar Shafi'iyya suke bi. Idan kuka sa baƙonku ya ja ku sallar asuba, zai bayyana bisimilla, zai kuma yi alƙunutu a bayyane bayan ya ɗago daga ruku'u yana ɗaga hannuwa, saboda haka a sanar da mutanen gida kada wani ya wuce sujada ya bar liman a tsaye. Haka nan idan kuka ga yana kaucewa kada hannunsa ya taɓa na matarsa yayin da take miƙa masa shayi, ba faɗa suka yi ba. A mazhabarsu taɓa fatar mace, ko da matar mutum ce, yana warware alwala.

Yayan ango, Unguwar Rimi

Allah ya saka muku da alheri, Alhaji da Hajiya da Malam. Na karanta wa mahaifiyarmu bayanin jego, ta ce ta yarda baƙuwa ta yi gashin dutse, amma wankan safe da na yamma nata ne, ba ta bar wa kowa ba. Baba kuma da ya ji batun sumbatar hannu sai ya tuna cewa ranar da amarya ta tare ta taɓa kamo hannunsa ya fizge, ya shige ɗaki, ita kuma ta wuni tana kuka, kuma sai yau ya gane dalili.

Ƙanena ne dai ya gagara. Mun yi ta fama da shi daren jiya, a ƙarshe ya amince zai sha shayi a gaban surukinsa, amma ya rantse ba zai tauna komai ba. Hajiya, shin idan aka sa masa kunun gyaɗa a kofin shayi, za su lissafa shi a matsayin cin abinci tare, tunda da shinkafa a ciki?