Idan gobara ta ci masana'anta: shawarwari ga daraktoci

Ga abin da lauyoyi da sakatarorin kamfanonin unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa a Kano suka fi nanatawa. Tun kafin masifa, a duba ƙa'idojin kamfani: sun halatta zaman daraktoci ta waya? Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce idan daraktoci ba su wuce 6 ba, 2 sun isa yanke hukunci, sai in ƙa'idojin sun faɗi daban. Takardar hukuncin da duk daraktoci suka sa wa hannu tamkar zama ce, amma in ɗaya ya ƙi, ta rushe. Nan ake yawan tuntuɓe. A tanadi mai sa hannu a banki na ko-ta-kwana. Kwafin takardun inshora kuwa, a ajiye a wani ginin dabam.