Baƙin mai yana yoyo bayan an ɗora wa inji turbo: daga ina za a fara bincike?

Direban Garwa ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masana inji. Ina da Land Cruiser mai injin 1HZ, wanda kamfanin Toyota bai ƙera shi da turbo ba, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, sai daga baya na sa aka ɗora masa domin ya daina nishi a hawan dutsen da ke kan hanyar Garwa zuwa Ngaundere. Ƙarfi kam ya samu, amma baƙin mai yana ta raguwa, kuma idan motar ta jima a tsaye inji yana aiki, da zarar na taka totur sai shuɗin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa. Da aka kwance tiyon da ke kai iska cikin inji, an tarar da cikinsa jiƙe da mai. Wanda ya duba mini ya ce turbon ya mutu, in sayi sabo. Kafin in kashe waɗannan kuɗi, ina roƙon ku nuna mini yadda ake gane inda yoyon ya samo asali.

Tsohon makanike daga Marwa ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka yi gaggawar sayen komai tukuna, domin a turbon da aka ɗora daga baya, sau da yawa laifin yana ga yadda aka haɗa shi da injin. Abin da ke tare mai a cikin turbo wani ɗan siririn zoben ƙarfe ne mai kama da ringin fistin, tun da sandar da ke ɗauke da fankoki biyu na cikin turbo tana wuce juyi 100,000 a minti ɗaya, kuma roba ba za ta jure wannan gudu da zafi ba. Wannan zobe yana yin aikinsa ne kawai idan man da ya shigo yana samun hanyar fita da sauri, kuma matsin iskar da ke bayan fankokin ya fi na tsakiyar turbon, inda mai yake bi. Idan mai ya taru a ciki, zai tsallake zoben ko da turbon jiya aka ciro shi daga kwali.

Saboda haka ka fara da bututun da ke mayar da mai ƙasa. Famfo ne ke turo mai zuwa turbo, amma wajen komawa babu mai tura shi sai nauyinsa, ga shi kuma yana fitowa da kumfa. Dole bututun ya kasance mai faɗi, kamar milimita 16 a ciki, ya gangara kai tsaye ba tare da lanƙwasa ko wurin da ya kwanta ba, sannan ya shiga kwanon baƙin mai a saman inda man yake tsayawa. Masu ɗora turbo da yawa suna huda kwanon a inda hannunsu ya fi kaiwa, bakin bututun ya nutse cikin mai, daga nan kuma matsala ta fara. Ka duba ko mafitar man tana kallon ƙasa sosai, don kamfanin Garrett mai ƙera turbo yana ba da shawarar kada ta karkace fiye da digiri 15. Ka kuma kwance bakin ka leƙa, domin na sha ganin gam ɗin silikon da aka shafa a madadin gaskit ya kumbura ciki ya toshe rabin ramin. Haka nan idan an cika baƙin mai ya wuce layin sama na sandar awo, sakamakon ɗaya ne.

Mai garejin Njamena ya ƙara da cewa:

Baba ya faɗi babban abin, sai dai a ƙasarmu mai ƙura akwai wurare biyu da nake dubawa tun kafin in shiga ƙarƙashin mota. Na farko filtar iska ce: idan ƙurar hunturu ta toshe ta, fankar turbo tana zuƙar iska ba ta samu, sai ta zuƙo mai ta bayanta. Na biyu shi ne numfashin injin. Idan ringin fistin ya ci, iskar ƙonewa tana gangarawa cikin kwanon mai ta hana man turbo saukowa, kuma ɗora turbo a kan tsohon inji yana ƙara wannan matsi. Malam, ka bar inji ya yi zafi yana aiki a tsaye, ka kwance murfin zuba mai ka aza shi a bakin ramin. Idan yana rawa kaɗan babu damuwa, amma idan iska tana ture shi da hayaƙi mai yawa, sabon turbo ma yoyo zai yi. Sannan ka lura da inda jiƙewar ta faro. Idan tiyon da ke gaban turbo ma yana da mai, to daga tiyon numfashi yake zuwa, turbon wucewa kawai yake yi da shi.

Wani daga Ngaundere ya ce:

Ban ƙi maganar manyana ba, amma kada a wanke turbon daga laifi baki ɗaya, musamman idan irin na arha ne marar suna. Bayan inji ya huce, a cire tiyon gaba a kama kan sandar fankokin da yatsu biyu. Ɗan motsi zuwa gefe ba laifi ba ne a turbo mai bushin, wato wanda sandarsa ke juyawa a cikin zoben ƙarfe mai santsi, amma idan fanka tana gogar bango, ko sandar tana shiga tana fita a fili, to ya lalace. Abin da ke kawo haka sau da yawa shi ne kashe inji nan take bayan doguwar tafiya cikin zafin Afrilu, inda man da ya rage a ciki yake ƙonewa ya zama gawayi. Minti biyu ko uku a tsaye kafin a kashe sun wadatar. A kuma tambayi irin turbon, domin mai boris, wato wanda sandarsa ke juyawa a kan ƙananan ƙwallayen ƙarfe, yana buƙatar ɗan matsattsen rami na kimanin milimita 1 a bututun shigar mai, mai bushin kuwa galibi ba ya buƙata, kuma sa masa shi babu dalili yana iya kashe shi da ƙishin mai.

Direban Garwa ya dawo:

Allah Ya saka da alheri. Sandar ba ta motsi sosai, murfin ma bai tashi ba, amma bututun komawar siriri ne, kuma ya lanƙwashe ya kwanta kafin ya kai kwano.

Tsohon makanike daga Marwa ya amsa:

To, a canza shi da mai faɗi wanda ke jure zafi da mai, a kuma tabbatar ramin kwanon yana sama da layin mai, ko da sai an cire kwanon an yi sabuwar walda. Kafin a tayar da inji, a wanke tiyoyin iska duka, da intakula, wato na'urar sanyaya iskar turbo, idan akwai, domin injin dizal yana iya shan man da ya taru a ciki ya yi ta gudu da kansa, ko an kashe makulli ba zai tsaya ba. Hayaƙin ba zai ɗauke nan take ba, sai man da ya kwanta a salansa ya ƙone, saboda haka ka riƙa auna baƙin mai da sanda kowace safiya, motar tana tsaye a wuri mai daidai, ka ga ko ya daina raguwa.