Fim ɗin Fanny Kemble: gaskiya ne ko ƙari aka yi?

Maman Hanifa, Kofar Marusa:
Salam. Daren jiya ni da kishiyata muka kalli fim ɗin Fanny Kemble a waya, har tuwo ya huce ba mu sani ba. Wurin da baiwa ta zo mata da bayanta duk shatar bulala, sai da na yi hawaye. Don Allah da gaske an yi wannan Fanny ɗin?

Malam Sani, Daura:
An yi ta, Hajiya. 'Yar wasan kwaikwayo ce daga Landan, ta auri Pierce Butler a 1834. A ƙarshen 1838 ta je gonar shinkafarsa a jihar Jojiya ta Amurka ta ga bayi ɗaruruwa. Mata masu jego suka roƙe ta a ƙara musu hutu, don sati uku kawai ake ba su kafin a koma gona. Ta kai kukansu, mijin ya hana ta. Auren ya mutu a 1849, ta buga abin da ta rubuta game da zamanta a gonar a 1863.

Yaya Bilki:
Amma tserar da bayi da aka nuna tana yi, ƙarin masu fim ne.

Maman Hanifa:
Sati uku! Mu da muke wankan jego kwana arba'in. Kakata ma takan ba mu labarin rinji, wato ƙauyen bayi, Allah Ya jiƙanta.