Shin afuwar 2006 ta wanke Thomas Highgate?

Malam Sani: Na ga an rubuta cewa Birtaniya ta wanke sojojinta 306 da ta harbe a Yaƙin Duniya na Ɗaya, har da Thomas Highgate, wanda aka fara kashewa kan gudu daga fagen daga. Wankewa ba ta faru ba. Dokar sojoji ta 2006 afuwa ta yi musu, kuma ta faɗa ƙarara cewa hukuncin kotun yana nan, ba a soke shi ba.

Hajiya Rabi: Malam, a takarda haka ne. Amma dubi yadda aka yi shari'ar. Yaro ɗan shekara 19, ya yi kusan mako biyu sojojin Birtaniya suna ja da baya daga garin Mons na Beljiyam, ba barci ba abinci. An gurfanar da shi ran 6 ga Satumba 1914, babu mai kare shi, babu shaida ko ɗaya daga ɓangarensa. Da asubahin 8 ga wata aka sanar da shi, ba a cika awa guda ba aka harbe shi, aka jera wasu sojoji su kalla. Wannan ai gargaɗi ne ga na baya.

Bala: Hajiya, kin tsallake abin da ya kashe shi. Dokar soja ta raba rashin zuwa aiki ba izini da gudu, kuma abin da ya raba su niyya ce: shin mutum na da nufin komawa? An tsinci Highgate a ɗakin ajiya na wata gona a Tournan ta Faransa, ya tuɓe kaki ya sa kayan farar hula. Wanda ya ɓata hanya ba ya canza tufafi. Hafsoshi uku sun isa zama kotun, sai duk sun yarda kafin a yanke kisa, sannan babban kwamanda ya sa hannu.

Hajiya Rabi: To, sa hannun nan fa shi ne matsalar. An yanke wa fiye da mutum 3,000 hukuncin kisa a yaƙin, aka zartar kan 346 kacal. Kusan tara cikin goma an sassauta musu. Me ya raba wanda ya rayu da wanda aka ɗaure a turke, likita ya maƙala masa farin ƙyalle a saitin zuciya? Sau da yawa halin da rundunarsa ke ciki ne, ba girman laifinsa ba. Wani soja, Harry Farr, ya yi wata biyar a asibiti saboda rugugin igwa ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, duk da haka aka harbe shi a 1916 da sunan ragwanta.

Malam Sani: Farr daban, Hajiya, kada mu haɗa su a tukunya ɗaya. Shi ya sa ministan tsaro na lokacin, Des Browne, ya yi afuwar a dunƙule: shaidu sun mutu, bayanan ba su isa a sake duba kowa shi kaɗai ba. Cikin 346 ɗin kuwa, masu kisan kai ba su shiga afuwar ba.

Bala: Ko a garin su Highgate ma kan ya rabu. A 2000 majalisar ƙauyen Shoreham ta ƙi sa sunansa a dutsen tunawa da mamatan yaƙi. Amma yana da turke mai ɗauke da sunansa a wurin tunawa da sojojin da aka harbe da ke Alrewas a Ingila, a bayan mutum-mutumin da aka kafa a 2001, wanda aka sassaƙa da siffar Herbert Burden, soja ɗan shekara 17 da shi ma aka harbe kan gudu, ido a ɗaure.

Hajiya Rabi: Kuma tun 1930 majalisar dokokinsu ta cire kisa daga hukuncin gudu. Da sun gamsu da shi, Bala, da sun riƙe shi a yaƙi na biyu.